Kifin Gefen Hagu

Ranar wata Talata da hantsi, shekara biyu bayan an gama yaƙin Turawa na biyu, wata mai kiwon awaki ta tsinci gawar Lurwanu a cikin kwari, kudu da Ka'akiyya, a gefen Makka. A lokacin Ka'akiyya ba ta wuce 'yan bukkoki da rijiya ɗaya ba. An fasa masa ƙeya da dutse. Jakinsa na tsaye kusa da shi, mangala cike da kifin gishiri gefe da gefe, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Lurwanu yana cikin Hausawa huɗu da suka bar dako a Makka suka koma kamun kifi a bakin Bahar Maliya, wajen Shu'aiba, tafiyar kwana uku da jaki. Kifin ƙasan teku suke kamawa, su tsaga shi, su cika shi da gishiri, su kawo unguwar Misfala matansu su soya su sayar. Kowa da kayan kamunsa. Lurwanu mai ƙugiya ne. Wanda ake kira Tsoho, gura yake dasawa, wato kejin da ake saƙawa da zarben dabino a nutsar da shi ƙasa. Garba da ƙanensa Isa raga suke sakawa, yadda suka taso suna yi a gulbin Kabi. Sai dai Isa wata biyu ke nan ba a gan shi ba. Garba ya ce ya bi jirgin ruwa zuwa Bor Sudan neman aiki.

Kafin azahar Misfala ta gama yanke hukunci. Matan da ke ɗiban ruwa a rijiyar Ka'akiyya sun ga Tsoho ya wuce da asuba, hannunsa naɗe da tsumma mai jini. Kuma ba wanda bai san shi da Lurwanu ba sa ga maciji ba. Mukhtaru, umda, wato mai unguwa, ya kulle Tsoho a ɗakin da yake ajiye gawayi, don kada samari su rigaya hukuma. Askarawa suka ba shi zuwa safiyar Asabar ya miƙa musu wanda ya yi. Idan alƙali ya tabbatar, takobi ne.

Sai Mukhtaru ya aika a kira Sabo.

Sabo dattijo ne mai ƙarancin magana, ana ce masa ammi, wato baffa, yana ɗinkin salka a bakin kasuwa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a hanya daga Katsina zuwa Makka, yawancinsu a Sudan, yana bi wa Larabawa sawun raƙuman da aka sace. Mukhtaru ya gaya masa ba wani aiki ba ne, a dai tabbatar da abin da kowa ya sani, don kada a ce an miƙa mutum ba a duba ba. Sabo ya ajiye basilla, ya ɗauki sandarsa.

* * *

Babbar hanya ba ta gaya masa komai ba, awaki da raƙuma sun tattake ta. Amma a cikin kwarin, inda yashi ke da laushi, ya ga jaki ɗaya da mutum biyu. Dukansu takalmin taya ne a ƙafarsu, irin wanda rabin Misfala ke sawa. Sun sauka tare, ba mai korar wani. Sun zauna a inuwar dutse, sun daɗe. Ɗaya ya tashi ya nufi jaki, ɗayan ya bi shi a baya da taku uku masu faɗi.

Abin da ya tsayar da Sabo shi ne gurbin gwiwoyi biyu a gefen jinin. Ya tambayi mai awakin yadda ta sami gawar. Ta ce a kwance take a gefen dama, fuska na kallon Ka'aba, an rufe idanun, an ja rawani an lulluɓe kan.

Ɓarawon hanya ba ya yin haka, kuma ba ya barin jaki. Daga nan sawun ya hau kan falalen dutse, ya ɓace.

* * *

Ɗakin gawayin ba shi da taga. Tsoho na zaune a ƙasa, mutum ne da bai wuce talatin da biyar ba, amma yini ɗaya ya tsofar da shi. Sabo ya sa ya kwance tsumman. Rauni ne mai ramuka a jere, ya fara ruwa. Tsoho ya ce wani dogon kifi ne mai kama da maciji ya shige masa gura, ya sa hannu bai duba ba.

Bai musa faɗan ba. Ya ce ranar Juma'a ma sun yi. Lurwanu kullum maganarsa ɗaya, wai gura ba ta zaɓe, tana kwashe manya da 'ya'yansu, nan da 'yan shekaru ba za a sami najil a wurin ba. Najil shi ne jan kifin nan mai tsada da ke kwana a cikin duwatsun ƙasan teku. Sau biyu Lurwanu yana ɗago masa gura ya buɗe ƙofar ya saki ƙananan.

"Na ce sai na fasa masa kai, ammi Sabo. A gaban mutane na faɗa. Shekara huɗu ina faɗa."

"Ka fasa?"

"Da na fasa, da a can bakin ruwa zan fasa. Me zai sa in jira kwana uku ina jan gurgun jaki?"

Ya ce shi kaɗai ya taso ranar Asabar da safe, ya bar Lurwanu da Garba a sansani. Jakinsa na ɗingishi, shi ya sa bai iso ba sai Talata. Bai ga kowa a bayansa ba. Sabo ya tambaye shi ko ya ga wani abu da ba a saba ba kafin ya taso. Tsoho ya ce ranar Juma'ar, bayan faɗan, Lurwanu ya fita da kwalekwalensa can wajen zurfi, ya dawo da wuri ba kifin kirki, bai ci abinci da su ba, ya tafi bayan tudu shi kaɗai ya daɗe. Tsoho ya ɗauka fushi ne.

* * *

Laraba da rana Garba ya shigo Misfala. Ya ce ta Jidda ya biyo, a motar kaya, a bakin unguwa ya ji labari. Ya faɗi a ƙofar gidan mamacin yana kuka har sai da aka riƙe shi. Da aka tambaye shi, ya ce Lurwanu ya taso ranar Asabar da hantsi, shi kaɗai, jim kaɗan bayan Tsoho. Ya ce ba ya son ya faɗi abin da zai cuci kowa, amma faɗan Juma'a ya yi muni.

Wannan ya ishe mutane. Da yamma aka fara jifan rumfar Rakiya, matar Tsoho, inda take suyar kifi.

Sabo ya ɓata sauran yinin a kan wani Balaraben ƙauye mai raƙuma, wanda aka ce ya taɓa cacar baki da Lurwanu a kan ruwan rijiya. Ya same shi a zangon raƙuma, ƙafarsa a kumbure kamar turmi, mako biyu ko masallaci ɗaukarsa ake yi. Sabo ya yi masa sannu ya dawo. Mukhtaru ya tare shi a hanya ya ce ya bar wahalar da kansa, saura kwana biyu, kuma shi ma ba daɗi yake ji ba.

* * *

Ranar Alhamis aka yi sadakar uku. Mukhtaru ya sa an kai mangalar kifin gidan mamacin don a dafa wa masu zaman makoki. Sabo na zaune a waje cikin maza, wata tsohuwa ta leƙo ta ce mai takaba na son magana da shi.

Ummulkhairi, matar Lurwanu, tana bayan labulen buhu. Bai ga fuskarta ba, sai hannunta da ya turo faranti ta ƙasa, da kifi biyu a kai. Muryarta ƙasa-ƙasa, sai da ya matsa.

"Baba, ɗayan nan ba na mai gidana ba ne."

Sabo mutumin rairayi ne, kifi bai taɓa damunsa ba. A idonsa duka ɗaya ne, a tsage, a bushe, fari fat da gishiri. Ya ce ta nuna masa.

Ta ce ya dubi bakin na dama. Akwai yaga a leɓe, nan ƙugiya ta shiga. Ya dubi idanun, sun firfito. Kifin da aka jawo daga zurfi da sauri haka yake yi, wani har tumbinsa ke fitowa ta baki. Shekara tara tana wanke kifin mijinta, ba ta taɓa ganin ɗaya da lafiyayyen leɓe ba. Masuntan Larabawa kan yanke kai su yar kafin su sa gishiri, amma Hausawa ba sa yarda, don a Misfala kifi ba kai ba ya sayuwa, da kan ake miya. Gefen dama na mangalar duk na mijinta ne. Gefen hagu kuwa, tun daga sama har ƙasa, ba ko ɗaya mai yaga.

Sabo ya ce watakila wani ne ya ba shi saƙo ya kawo.

Ta ce ba a yi. Kifin gishiri a wannan zafi, kullum da rana sai an sauke, an buɗe, an juya, an ƙara gishiri, in ba haka ba tsutsa ta shiga. Ba mai yi wa wani wannan, don in ya lalace zumunci ya lalace. In kayan mutum bai cika jaki ba, yakan nemi wanda zai cika ɗaya gefen, su taho tare, kowa na kula da nasa.

"Mai kifin hagu, da shi suka taho, Baba."

Da Sabo ya gaya wa Mukhtaru, sai umda ya tafa hannu ya ce shi ke nan, magana ta fito. Jakin Tsoho gurgu ne, ya rage masa kaya ya ɗora wa na Lurwanu. Kifin gura ai ba shi da yagar ƙugiya. Sabo ya naɗe kifin hagun a gefen rawaninsa ya fita.

* * *

Rumfar Rakiya ba kowa, kaskon a kife. Tana zaune da muciya a kan cinya. Da ta ga Sabo ta ce in ya zo ɗaukar ma'aunin wuyan mijinta ne, ya koma ya gaya wa umda ita ma nata wuyan na nan. Ya ce kifi ya zo gani. Ta ce kwana uku ba wanda ya tambayi kifinta sai mai ɗinkin salka, lallai duniya ta zo ƙarshe. Amma ta jawo buhun da Tsoho ya kawo ta zazzage.

Kifin Tsoho gauraye yake, manya kaɗan, ƙanana da yawa, kala-kala. Leɓensu lafiya lau. Amma kowane ɗaya hancinsa a goge yake, fatar ta saluɓe. Rakiya ta ce haka kifin gura yake, kwana biyu yana dukan keji da hanci yana neman ƙofa.

Sabo ya kwance nasa ya ajiye kusa da su. Hancinsa sumul.

Ya roƙi ruwa a kwano. Ya jiƙa babban yatsa ya dinga murje gishirin a hankali, daga kai zuwa baya, yadda yake share yashi a kan sawu. A bayan kunnen kifin wani siririn layi ya fito, ya zagaye wuyan, ɓawon wurin ya kakkarye. Sabo ya san wannan. Ya sha ganinsa a ƙafar raƙumin da ya kwana yana fizgar dabaibayi.

Ya koma ɗakin gawayi ya tambayi Tsoho ta bakin ƙofa, wane kamu ne ke shaƙe kifi a wuya. Tsoho ya ce raga. Kifi ya sa kai a ido, ya kasa gaba ya kasa baya. Ya ce Larabawan wurin ba sa saka raga a ƙasa, sun san duwatsun da kaifi. Garba ne kaɗai ya ƙi ji, yana yi kamar a kan lakar gulbi yake. Raga nawa ta maƙale masa a can, kuma wadda ta maƙale ba ta daina kamu, kifi na shiga yana ruɓewa ba mai ci.

"Wannan ce ɓarna, ammi, ba gurata ba. Amma ni Lurwanu ya sa wa ido."

Sabo ya koma gidan makoki ya hana a dafa sauran. Ya wanke goma sha biyu daga gefen hagu. Duka da zobe a wuya.

* * *

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a zauren Mukhtaru. Dattawan unguwa na jere a kan tabarma. Aka fito da Tsoho, gawayi har a gemunsa. Garba na zaune kusa da ƙofa, idonsa jawur. Mata na tsaye a waje, ana jin muryar Rakiya.

Sabo ya shimfiɗa buhu ya ajiye kifi uku. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce shi ba masunci ba ne, saboda haka masu sana'a su taimake shi. Ya ɗaga na farko ya tambayi Garba ko na wane ne. Garba ya duba leɓen ya ce na marigayi. Ya ɗaga na biyu. Garba ya ce na gura ne, ga hancin nan. Wani dattijo ya yi gyaran murya yana kallon Tsoho.

Sabo ya tura masa na uku, wanda aka wanke.

Garba ya daɗe yana kallonsa. Ya ce na raga ne.

"Wa ke saka raga a ƙasa a Shu'aiba, Garba?"

"Ni."

"Daga gefen hagu na mangalar Lurwanu na ciro shi. Gefen duka irinsa ne."

Garba ya ce saƙo ya ba marigayi. Rabin mutanen zauren sun taɓa bin jakin kifi, sun san ba a ba da saƙonsa. Mukhtaru ya tambaye shi, in saƙo ne, me ya sa da aka kai mangalar gidan makoki bai ce rabi nasa ba ne.

Sabo ya yi magana a hankali, kamar su biyu ne kawai a zauren. Ya ce wanda ya yi abin nan ya durƙusa, ya juya gawar ta kalli alƙibla, ya rufe mata ido. Ba maƙiyi ba ne. Abin da bai sani ba shi ne me Lurwanu ya jawo daga zurfi waccan Juma'ar, har ya kasa cin abinci.

Garba ya sa hannu a cikin rigarsa. Samari biyu suka zabura, Sabo ya ɗaga musu sanda. Abin da ya fito da shi guntun raga ne, ya yi kore, da kambu na fata a sarƙe a ciki. Wani daga cikin dattawan ya ce a hankali, kambun Isa ne.

Garba bai ɗago ba har ya gama. Ya ce wata biyu da suka wuce sabuwar ragarsu ta maƙale a ƙasa. Isa ya ce a bar ta, wurin da zurfi. Shi ya matsa masa, ya ce a gulbi ai nutso suke yi su ɓalle ta, ko tsoro yake ji. Isa ya nutsa. Igiyar ta yi ta girgiza, sannan ta daina. Ya ja, ya ja, har ta tsinke. Ya kasa zuwa ya gaya wa tsohuwarsu Rumasa'u cewa shi ya tura ɗanta, sai ya ce Bor Sudan.

Waccan Juma'ar ƙugiyar Lurwanu ta kamo guntun ragar, da kambun, da abin da ya rage na hannun. Lurwanu ya binne ƙashin a bayan tudu, ya ce zai kai wa tsohuwa kambun, don ta yi wa ɗanta addu'a, matar Isa kuma ta san matsayinta. Kayan Lurwanu bai cika jaki ba, Garba ya cika gefen hagu don ya sami hanyar binsa. Kwana uku yana roƙonsa. A kwarin nan ya roƙe shi na ƙarshe. Lurwanu ya ce in shi Garba zai faɗa da bakinsa, to, in ba haka ba shi zai faɗa kafin azahar. Ya tashi ya nufi jaki. Garba ya bi shi da dutse, daga baya ya zare kambun daga aljihunsa.

Mukhtaru ya tambaye shi me ya hana shi kwashe kifinsa.

"Na kama igiyar mangalar zan kwance. Sai na ga abinci ne zan zubar, ya umda, kuma a cikin Harami. Na ce wa zai duba wuyan kifi."

"Tsoho fa? Gobe da safe za a tafi da shi. Da ka bari?"

Garba ya ajiye kambun a kan tabarma, ya sunkuyar da kai.

* * *

Mukhtaru bai jira Asabar ba, ya aika aka kira askarawa kafin magariba. Tsoho ya fito ƙofar zaure yana kare ido da hannunsa mai ciwo. Mutanen da suka jefi rumfar matarsa suka buɗe masa hanya, kowa na kallon ƙasa. Rakiya ta kama hannun rigarsa ta ja shi.

Aka bar kambun a kan tabarma. Dattawa suka yi ta duban juna. Daga baya Mukhtaru ya ɗauka ya miƙa wa Sabo, ya ce shi ya fara, shi zai ƙarasa.

Gidan Rumasa'u, mahaifiyar Garba da Isa, na can ƙarshen lungu, a jikin dutse. Ba ta gani sosai. Tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa da lalube, matar Isa na hura wuta a bayanta. Sabo ya yi sallama ya tsuguna nesa kaɗan. Ta gane muryarsa. Ta ce tun ɗazu take jin unguwa ta yi tsit, kuma mai bin sawu ba ya zuwa gidan mutum don gaisuwa.

Ta ajiye faifan a ƙasa, ta share tafin hannunta a zane.

"Wanne daga cikinsu, Sabo?"

"Duka biyun, Iya."